Muryar Goggo a Wutsiyar Kaset

Goggo, ƙanwar Baba, ita ce mai waƙar mutuwa a danginmu na Kwaja. Idan an yi rashi, fasto ya gama addu'a, matan zumuntar coci su gama waƙoƙinsu, sai wuri ya yi tsit a buɗe mata hanya. Ta durƙusa kusa da gawa ta kira mamacin da yarenmu: sunansa, sunan da uwarsa ke kiransa yana yaro, gonarsa, har abincin da ya fi so. Idan ta gama kiran, maza su ɗauki gawa su nufi kabari, ita kuma ta bi su da ƙarshen waƙar, wanda muke ce wa sallama. A nan ne take gaya wa mamacin ya tafi, kada ya waiwayo, an riƙe masa gida. Waƙar ba ta fita daga bakin kowa sai ranar jana'iza. Ko yaro aka ji yana gunguninta a bakin mayo, wato rafi, sai ya sha ranƙwashi.

A ƙarshe-ƙarshen zamanin jihar Gongola, ina koyarwa a wata firamare a cikin Mubi, Baba ya kwanta ciwo. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya, na sauko da shi daga Kwaja zuwa gidana saboda kusa da asibiti. Mama ta riga ta rasu damina biyu kafin nan. Baba mutum ne da bai iya roƙo ba, ko ruwa yake so sai dai ya kalli randa. Amma wata safiya ina shafa masa mai a ƙafa ya ce da ni, abu ɗaya yake so: in lokacinsa ya yi, ƙanwarsa ta yi masa waƙa kamar yadda ta yi wa uwarmu. Na ce ya daina irin wannan magana. Ya ce shi dai ya faɗa.

Ranar kasuwa ce Goggo ta faɗo gidana da rana tsaka, ba sallama. Ta dire kwanon gyaɗar da ta sauko da ita sayarwa, rabi ya zube a ƙasa, ba ta ko kalla ba. Ta ce tana wucewa ta bayan kasuwa, gaban wani ɗakin kallon bidiyo, sai ta ji muryarta tana fitowa daga ciki, tana kiran sunan Mama. Ta ɗaga labule ta leƙa. Samari ne zaune a benci suna shan rake, fim ya ƙare suna jiran wani, a talabijin kuwa wata 'yar tsana mai manyan idanu tana gudu a kan tudu, muryar Goggo a bakinta. Da 'yar Hausarta ta ce musu, "Wannan murya na ne. Wa ya sa shi a ciki?" Suka fashe da dariya, wani ya ce, "Mama, ai kin zama tauraro."

Ba dariyar ce ta fi ƙona mata rai ba. Ta tsaya ta saurara har ƙarshe, ta ji waƙar ta yanke ƙit daidai inda kira ya ƙare, babu sallama.

"An kira ta an bar ta tsaye," in ji Goggo. "Kullum aka kunna abin nan sai a kira matar nan, ta zo, ba mai ce mata ta koma. A gaban masu shan rake."

Sannan ta dangwali ƙasa da yatsa ta taɓa harshenta, alamar rantsuwa. Ta ce muddin muryarta na yawo a gari cikin akwatin mutane, ta rufe bakinta da waƙa, ko wa ya mutu. Ta faɗe shi da ƙarfi, ta manta ko kuwa ba ta damu ba cewa wanta na kwance a ɗakin da ke bayanta, ƙofa a buɗe. Na leƙa na ga Baba ya juya fuskarsa bango.

Ban tsaya tambayar wanda ya yi ba. Mutum ɗaya ne a duk danginmu yake da wannan karambanin, ƙanena, mai gyaran rediyo da talabijin a wani ɗan shago kusa da tasha. Namiji ne har da gemu, amma tun yana yaro in ka ba shi abu mai kyau sai ya kwance shi ya ga cikinsa. Na ɗaura ɗankwali na nufi shagon, ina tafe ina shirya marin da zan yi masa.

Da ya ga fuskata ya miƙe tsaye, ƙarfen narka dalma a hannunsa, ya kira ni da Adda, wato yaya. "Adda, lafiya? 'Yan sanda ne?"

A lokacin ana ta raɗe-raɗin cewa gwamnatin soja ta fito da doka a kan kwafar kaset, kuma wai za a fara bi shago-shago ana kwashe na'urori. Duk masu harkar bidiyo a Mubi a tsorace suke. Shi a zatonsa wannan ce ta kawo ni. Da na ce masa Goggo ce, sai ya yi ajiyar zuciya, wai har ya ji sauƙi. Wannan ajiyar zuciyar ta ƙara tunzura ni.

Na sa shi ya faɗi komai. Ashe ranar jana'izar Mama ya ɓoye 'yar rikoda a ƙarƙashin bencin mata, ya danna ta, ya tafi cikin maza ɗaukar gawa. Kaset ya cika ya tsaya da kansa, shi bai sani ba. A gari ya tashi, makarantar kwana ya yi, yarenmu ma ji yake sama-sama, sai ya ɗauka inda kaset ya tsaya nan waƙar ta ƙare. Ya ajiye shi yana saurara shi kaɗai. Ana nan sai wani kaset na zane mai motsi irin na Jafanawa ya zo hannunsa, irin wanda ake naɗowa daga talabijin ɗin Kamaru a shigo da shi ta kan iyaka, 'yan tsanan suna Faransanci. A ciki akwai yarinyar da uwarta ta shiga kwalekwale ta haye kogi ba ta dawo ba. Ya ce tudun da ke cikin zanen sak tudun bayan gidanmu, shi ya sa ya kasa barci a kansa.

"Adda, ki zauna ki gani tukuna, daga baya ki mare ni."

Na ƙi zama, amma na kalla. Ya nuna mini yadda ya yi: na'urar bidiyo biyu haɗe da waya, ɗaya na kunnawa ɗaya na naɗa, yatsansa a kan maɓallin tsayarwa. Ya tsinci gutsure daga nan, ya tsinci wani daga can, ya share Faransancin, ya shimfiɗa muryar Goggo a kai. In hoto ya riga murya ko da ƙiftawar ido ne, sai ya mayar baya ya sake daga farko. Watanni ya yi yana wannan. Inda Goggo ta kira sunan yarintar Mama, yarinyar ta ɗago kai. Inda ta ambaci gonar gyaɗa, iska ta kwantar da ciyawar tudu. Inda muryarta ta karye, ruwan sama ya tsinke a kan kogin. Hoton ya koɗe saboda kwafin kwafi ne, launi na zamewa daga fuskar yarinyar, duk da haka ban san sanda na zauna a kan wata matacciyar talabijin ina kuka ba. Na ji haushin kaina, na fi jin haushinsa, don abin ya yi kyau ƙwarai kuma bai kamata ya yi ba.

Ganin hawayena ya ba shi ƙarfin baki. Ya ce bai sayar wa kowa ba. Ya ce ya yanke duk rubutun da ke farkon zanen da na ƙarshensa don kada doka ta kama shi. Ya ce wanda ya naɗo shi a Garwa, can Kamaru, bai tambayi Jafanawa ba, wanda ya shigo da shi Mubi bai tambayi na Garwa ba, shi aƙalla ya sa hannunsa da zuciyarsa. Kuma uwarsa ce, yana da haƙƙi a cikin waƙarta.

Na ce, "Ka zauna wata da watanni kana tsoron mutanen Jafan da ba su san akwai wani gari Mubi ba. Goggo da ta goya ka a bayanta, ita ba ka tuna ka tambaye ta ba?"

Ya ce da ya tambaya za ta hana.

Na ce to ai ka san amsar ke nan tun kafin ka fara. Sannan na gaya masa maganar sallama, da rantsuwar Goggo, da Baba da ya juya fuska bango. Ya ajiye ƙarfen hannunsa a kan tebur a hankali, har ya fara ƙona katakon bai lura ba.

Saura tambaya ɗaya: in bai ba kowa ba, yaya aka yi abin ya kai ɗakin kallo? Na'urarsa ɗaya ce. Ta biyun aro ya yi wurin wani Alhaji mai shagon hayar kaset, wanda iyayensa suka zo daga ƙasar Katsina tun kafin a haife mu. Al'adar masu harkar kuwa, in ka yi aiki da na'urar mutum, kana bar masa kwafin abin da ka yi, ko bai tambaya ba. Ƙanena ya bar masa, kamar yadda kowa ke yi.

Muka tarar da Alhaji yana jera kaset a kanta. Ya saurare ni har na gama zuba, sannan ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, wanga abu ba da mugunta aka yi shi ba. Ciko ne." Ya yi mini bayani. In aka kwafi fim a kaset, sau da yawa fim ɗin kan ƙare ya bar saura a wutsiya. Masu haya ba sa son kaset mai wutsiya fayau, gani suke an cuce su. Don haka yaransa kan cika wurin da duk wani gajeren abu da ke hannu, dambe ne, rawa ce, talla ce. Na ƙanena ya zo daidai tsawon da ake so, mutane kuma suka so shi, har ana zuwa ana cewa a ba da fim mai 'yar tsanar nan a ƙarshe. Sai aka riƙa liƙa shi a wutsiyar kusan duk abin da aka kwafa a daminar nan, fim ɗin Indiya, na kokawa, na yaƙi.

Na ce, "Alhaji, ka san me matar ke faɗa a ciki?"

Ya ce shi ba ya jin yaren, ya ɗauka waƙar reno ce.

Da na gaya masa waƙar gawa ce, kuma gawar uwarmu, sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana salati. Ban zaci haka daga gare shi ba, na zo ne da shirin faɗa. Ya rufe shagon a ranar, ya ce a sauko da komai. Kasetin haya ana ɓalle masa wani ɗan harshe a gefe don kada a naɗi wani abu a kansa, sai an toshe ramin da salatif kafin a iya sharewa. Haka ƙanena ya zauna kwana da kwanaki, ya liƙa salatif, ya tura kaset can ƙarshe, ya nemo yarinyar, ya share ta, ya ɗauki na gaba. Ni kuma in na taso daga makaranta sai in bi gidajen da suka yi haya ina karɓowa. Na cikin gari bai ba mu wuya sosai ba. Asalin kaset ɗin rikoda kuwa da hannuna na kai wa Goggo Kwaja, ta jefa shi a murhu.

Matsalar ita ce Alhaji na ba wani direba kaset a sari, shi kuma ya rarraba wa ɗakunan kallo a Uba da garuruwan da ke gaba a hanyar Maiduguri. Ƙanena ya hau mota ya tafi Uba. A nan dokar da yake ta tsoro ta juyo ta cije shi ta inda bai zata ba. Baƙo ya shigo gari yana tambayar wa ke da kwafin kaza, a lokacin da kowa ke jiran samame, me kake so su ɗauka? Suka ce ɗan leƙen asirin 'yan sanda ne. Kafin ya kai ɗaki na biyu labari ya riga shi, kowa ya kwashe kasetinsa ya ɓoye a gida, ana rantse masa cewa ba a taɓa ganin wata 'yar tsana ba. A wani wurin samari suka yi masa ca, suka yaga masa riga. Ya dawo da leɓe a fashe da 'yan kaset kaɗan a leda. Wani tsoho mai shayi da ya tausaya masa ya gaya masa gaskiya: masu ɗakunan sun riga sun kwafa sun ba wasu, abin ya wuce Uba tuntuni.

Baba kuwa kullum jiki na ƙara yin ƙasa. Ya daina iya kwanciya sai a jingine. Bai taɓa ce wa ƙanena komai ba, ko kallon banza, kuma wannan ya fi duka ciwo. Kowace safiya in na kai masa kunu sai ya ce, "Goggonku ta aiko?" In ce a'a. Ya ce to, ya karɓi kofin. Tsoro ya kama ni sosai cewa mutumin da bai taɓa roƙon komai ba zai tafi ba tare da abu ɗayan da ya roƙa ba.

Na ja ƙanena bayan ɗaki na ce masa ya hau Kwaja ya ce wa Goggo an gama, an share duka. Wa zai ƙaryata shi? Goggo ba ta taɓa zuwa Uba ba, ba kuma za ta je ba. Har gobe ban ga laifina a wannan shawarar ba, ubana nake ji. Shi kuwa gogan, wanda ya iya ɓoye rikoda a ƙarƙashin benci, ranar nan ce gaskiya ta motsa masa.

"Adda, na ɗauki muryarta ban tambaya ba. Yanzu kuma in je in yi mata ƙarya ta karya rantsuwa? Ba zan iya ba."

Na kira shi sunaye da ba zan rubuta ba. Ya je Kwaja, ya durƙusa gabanta, ya ce ya share abin da hannunsa ya kai, saura ya fi ƙarfinsa, kuma ba zai taɓa iya tattaro shi ba. Goggo ta ce ta ji. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Baba ya cika da hantsi, wata ranar Asabar, ana kaka. Muka kai shi Kwaja. Washegari aka shimfiɗe shi a tsakar gida a ƙarƙashin bishiyar da yake zama, mutane suka cika har bayan danga. Fasto ya yi addu'a. Matan zumunta suka yi waƙoƙinsu suka ajiye tulunan kiɗansu. Sai wuri ya yi tsit, mata suka matsa suka buɗe hanya kamar kullum.

Goggo na zaune a kan tabarma, ta ja mayafi ta rufe bakinta, idanunta a kan ƙafafun wanta. Ba ta motsa ba. Kowa ya san dalili, ba wanda ya kalle ta kai tsaye. Shirun ya yi tsawo har ana jin kaji na tono a bayan rumbu. Na ji kamar in tashi in girgiza ta. Dattawa suka kalli juna, ɗaya ya yi wa samari alama su zo su ɗauka haka nan.

Sai ƙanena ya fito daga cikin maza ya durƙusa inda Goggo ke durƙusawa. Namiji ba ya wannan waƙar, wata tsohuwa har ta ce kai. Ya buɗe baki ya fara. Muryarsa ba ta waƙa ba ce, yarensa kuma a karkace yake, amma babu mai rai da ya saurari waƙar nan yawan yadda ya saurare ta, yana mayar da kaset baya yana sakewa. Kowane hawa da sauka yana nan, har inda Goggo ke jan numfashi shi ma nan yake ja. Inda sunan Mama yake ya sa na Baba. Ya kira gonarsa ta gindin dutse, ya kira tuwon dawa da miyar yakuwa. Mata suka fara kuka.

Ni ban yi kuka ba, don na san abin da ke zuwa. Ina bin waƙar a raina ina jin tana matsowa wurin da kaset ya cika. Ya kai wurin. Ya tsaya ƙit, bakinsa a buɗe, babu abin da ya rage a cikinsa. Ya kira Baba ya zo, bai san yadda ake ce masa ya tafi ba. Samari sun riga sun sunkuya sun kama makara, suka tsaya a sunkuye, ba su ɗaga ba, ba su saki ba.

Ƙanena ya juya ya kalli Goggo. Hawaye na bin gemunsa.

Goggo ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta sauke mayafin daga bakinta, ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta ce wa samarin su ɗauka. Suka ɗaga, suka nufi ƙofa, ta bi bayansu ta ɗora daga daidai inda ya tsaya. Ta ce wa wanta ya tafi, kada ya waiwayo, an riƙe masa gida. Da ta kai bakin danga sai ta sake ɗauko sallamar daga farko, wannan karon da sunan Mama. Ta ce mata ta daɗe a tsaye, ga mijinta nan ya zo, ta bi shi su tafi, duk wanda ya sake kiranta daga yau kada ta amsa.

A nan ne na zauna a ƙasa.

Da aka dawo daga kabari, ƙanena ya je ya tsuguna a gabanta zai yi godiya. Ta ɗaga masa hannu.

"Ba don kai na yi ba," in ji ta. "Kuma ban yafe ba tukuna. Jibi ka zo da sassafe, ka bar akwatinka a gida, ka zo da kunnenka. Wanda ya iya kira dole ya koyi sallama, don ni na gama. Ranar da na kwanta a nan, kai za ka yi mini, kuma ka kai ta ƙarshe."